Sanyin Baba Mai Guga

"Kai, ta sake motsawa," Injiniya ya ce da kansa, yana tsugune a gindin bango da geji, ma'aunin iska, a hannu.

Minti ashirin ya yi yana zuƙe iska daga bututun esin, sannan ya kashe injin zuƙar ya zuba wa allurar gejin ido. Da ta tsaya cak, da sai ɗura gas kawai. Amma ga ta nan tana hawa a hankali. Wato akwai inda ke yoyo.

Shi fa ba injiniya ba ne, mai gyaran esi da firji ne. Maƙwabcinsa Baba Mai Guga ne ya laƙa masa sunan tun yana koyon aiki, unguwa ta ɗauka. Yanzu Baban na kwance a bayan wannan bangon, kwana tara ke nan da likita ya ce a mai da shi gida, kowa kuma ya san ma'anar hakan. Shekara arba'in ya yi a tsaye kan dutsen guga. Shi ya sa Auta, 'yarsa, ta samo esi na hannu, ko ɗigon gas babu a cikinsa, ta ce ko yaya ne mahaifinta ya huta da zafi.

Da safe, Injiniya na huda bango, tsohon ya buɗe ido ya ce, "Injiniya, ni dai zafi na sha shi har na ƙoshi. Ka ɗanɗana min sanyin nan na manya, in samu na ba da labari."

"Baba, kafin la'asar da bakinka za ka roƙi bargo."

"To a goge shi tukuna. Ba na rufa da abin da ya yamutse."

Suka yi dariya, dariyar ta koma tari.

Yanzu rana ta take, kwanon rufi har ƙara yake yi. Auta ta leƙo ta taga, da kwalin da take yi masa fifita a hannu.

"Yaya, saura me?"

"Yoyo yake yi. Sai na kwance na sake."

"Ba za ka zuba gas ɗin a haka ba?"

"Haba ƙanwata! In na zuba a haka, kwana uku ya tsiyaye tas. Ga danshi a ciki, ya kashe injin."

Ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kwana uku, Yaya?"

Ya ji maganar, wallahi ya ji ta har cikin ƙirjinsa. Tukunyar gas na nan kusa da ƙafarsa, murɗa bawul ɗaya ne, cikin minti goma ɗakin ya fara sanyi. Amma hannunsa ya ƙi. Shekara goma sha tara bai taɓa ɗura gas a bututun da ke yoyo ba, shi da bakinsa yake zagin masu yin haka, 'yan sha-yanzu-magani-yanzu. Kuma wa zai yi wa aikin ha'inci? Mutumin da in ya ga ƙaramin lanƙwasa a wuyan riga sai ya sake yayyafa ruwa ya goge ta daga farko?

"Rabin awa kawai," ya ce. "Sauri kan haifi nawa."

Ta saki labule.

Ya sa sifana ya kwance notin. Ga laifin nan: bakin bututun ya tsage, tsagar ba ta fi silin gashi ba. Ya yanke wurin, ya sake buɗa bakin, ya ɗaure, ya tayar da injin zuƙar. Gumi na shiga masa ido. Ta cikin bango yana jiyo numfashin tsohon, ja ɗaya, shiru, ja ɗaya. Rabin awar ta wuce tun injin bai gama ba. Ya kashe, ya tsaya jiran allura, don ita ma sai an ba ta lokacinta. Minti biyar. Minti goma. Ko gezau ba ta yi ba.

Ya ɗora tukunyar a sikeli, ya buɗe bawul, gas ya shiga da 'yar shewarsa, daidai awon da aka rubuta a jikin injin. Aiki ya yi kyau, bai taɓa yin wanda ya fi shi ba. Ya goge hannu a wando, ya ɗauki rimot, ya shiga da murnarsa.

"Baba, a kawo bargo!"

Auta na zaune a bakin gado. Kwalin na kan cinyarta, ba ta fifita. An riga an rufe wa tsohon ido, gumin goshinsa ma bai bushe ba.

Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaushe?"

"Kana jiran allurarka."

Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Me zai ce? Cewa injin zai yi shekara goma bai ba da matsala ba?

"Kunna," ta ce.

"Auta..."

"Ka kunna, Yaya. Ai ka gama."

Ya danna. Murfin esin ya buɗe a hankali. Sai da suka jira minti uku kafin injin waje ya ɗauka. Sannan sanyin ya sauko, mai kyau, mai tsabta, ya bi ta kan gadon. Hannunsa da kansa ya je ya rufe taga, kamar yadda yake yi a kowane gida.

Ya fita tattara kayan aikinsa, ya kasa. Ya zauna a ƙasa kusa da tukunyar gas. A ciki Auta ta fara kuka. Daga siririn bututun da ya zuro ta bango, ruwa ya soma ɗiga kan ƙasa mai zafi, ɗis, ɗis, kowane ɗigo na bushewa kafin na bayansa ya sauko.