Waƙar Gwaggo a Kan Takarda

Shekara guda ke nan cif da Nasiba ta fara riƙe bik, wato alƙalamin biro, kuma da ana mayar da karatu inda aka ɗauko shi, da tuni ta kai wa Madan Samira kayanta ta ce ta gode.

Bara warhaka, bayan an gama zuba gero a rumbu, wata ƙungiya ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyensu da ke gabas da Babankatami. Aka kafa rumfar kara a bayan lakwal, makarantar bokon yara, aka turo Madan Samira daga Keita ta koyar da matan aure. Nasiba uwar 'ya'ya uku ce, mijinta Mahfuzu yana cirani a Abija, can bakin teku. Ta shiga ne don ta gaji da yawo da katin awon ɗanta tana roƙon a duba mata ranar komawa. Watan farko ta sha dariya, don riƙon muciya take yi wa bik. Kafin damina ta faɗi kuwa, ba abin da ya tsira daga idonta: buhun taki, gwangwanin tumatir, har bayan motar kasuwa sai ta bi shi da kallo tana motsa baki.

Da Madan ta ga hannunsu ya faɗa, sai ta raba musu kaye, littafin rubutu, ta ce kowace ta rubuta abin da take ji a gida. Wasu suka cika nasu da sunayen 'ya'ya. Nasiba ta cika nata da waƙoƙin Gwaggo.

Gwaggo Rabi yayar mahaifinta Sanda ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu. Duk hantsi takan durƙusa gaban dutsen niƙa, kuma da ta fara turawa sai murya ta fito. Tana da waƙar yaye, da ta shekarar fari, da ta tsokanar 'yan mata masu gudun aiki. Nasiba takan zauna a bakin turmi da kaye a cinya tana bin ta kalma kalma. Gwaggo ba ta hana ba. Cewa kawai take yi, “Ki yi ta zanenki, ɗiyata, in dai ba ya hana ki tankaɗe.”

A cikin waƙoƙin akwai guda da ta fi sauran daɗi, kuma kowa a unguwar ya san da wanda take:

Ɗan autan Inna, ni na goye ka,
Na tauna ma gero kan ka yi haƙora,
Gonar Inna ta yi ma kaɗan,
Ka haɗa da tawa, kac ce ruwa sunka ci iyaka.

Shekara ashirin da suka wuce, korama ta kwashe duwatsun da suka raba gonarta da ta Sanda, shi kuwa ya noma duka bai sake tada zancen ba. Ita ma ba ta taɓa tunkararsa ba. A dutse take faɗa. Kuma a garin nan abin da mace ta faɗa tana niƙa ba a amsa shi, ba a kai shi gaba. Mai laifi yana jin sa ta bayan katanga, ya yi kamar bai ji ba. Sanda ya ƙware a wannan. Ran da waƙar ta tashi, da la'asar sai a ga ya shigo da damin dawa ko ƙullin albasa ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya tsuguna ya gaishe ta, su yi hirar ciwon gwiwa. Ba ya cewa don me, ba ta tambaya. Haka suka zauna lafiya shekara ashirin, ita tana zaginsa da hantsi, shi yana biyan ta da maraice.

Nasiba ta san duk wannan, kada a ce yarinta ce. Da za a yi bikin rufe aji, Madan ta duba kayenta ta ɗora yatsa a kan wannan waƙa, ta ce ba ta taɓa ganin magana mai kyau irin ta ba, ita Nasiba za ta karanta wa jama'a ranar bikin. Madan baƙuwa ce, ba ta san ɗan autan Inna ba. Nasiba ta buɗe baki za ta ce a zaɓi wata, sai yabon ya shiga kanta. Ta ce a ranta, ai waƙar da ko awakin unguwa sun haddace, wa za ta ba mamaki?

Ranar bikin aka shimfiɗa tabarmi a filin lakwal. Ga maigari, ga liman, ga baƙi daga Buza a kan kujeru, ga Sanda a sahun gaba da sabuwar hula, ya zo ganin ɗiyarsa. Aka miƙa mata lasifika. Ta faɗi sunanta, ta ce waƙar Gwaggonta Rabi ce, ta fara. Ba ta rera ba, karantawa ta yi, a hankali, tana dakatawa a kan kowace kalma kamar yadda aka koya mata. Sai a layi na uku ta ji abin da take faɗa. Babu ƙarar dutse da za ta rufe shi, babu katanga. Magana ce tsirara, a gaban maza, daga bakin ɗiyar wanda ake zargi. Baƙin Buza suka tafa. Mutanen gari ba wanda ya ɗaga hannu. Ta ga mahaifinta ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya bi ta bayan rumfa ya tafi.

Abin da aka karanta a gaban maigari dole maigari ya ji shi. Kwana uku bayan haka aka fita gona da igiya da dattawa huɗu. Sanda bai yi gardama ba ko kaɗan. Da hannunsa ya jera duwatsu, har ya ƙara wa Gwaggo taki biyu a kan haƙƙinta. Da aka gama ya ce a shaida, daga yau babu komai tsakaninsa da Rabi. Dattawa suka ɗauka maganar gona yake yi, suka yi fatiha.

Wata biyu ke nan bai taka gidanta ba. Gwaggo ta sami gonar da ba ta da ƙarfin nomawa, kuma tun ranar ba a sake jin muryarta ba. Niƙan tana yi, amma shiru, dutse kawai ake ji. Wannan shirun ya fi komai ci wa Nasiba rai. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ce mata kanzil, kuma da ma an zage ta da ta fi samun sauƙi.

Yau da hantsi ta ɗauki kayen ta shiga wurin Gwaggo. Ta same ta zaune a inuwar rumbu tana tsince wake a faifai. Ta durƙusa.

“Gwaggo, ga shi. Ki sa a wuta, ko in sa da hannuna.”

Gwaggo ba ta ko dubi kayen ba. “In kin ƙone shi, kunnuwan mutane hwa? Su ma ki ƙone?”

“Don Allah ki yahe mini.”

“Na yahe tun ranar. Ba ke ce damuwata ba.” Ta watsa wa kaji ɓaragurbin waken da ta ware. “Ke kina tsammanin gona nika so? Mi zan yi da gona, ni da ko galma ba ni iya ɗauka? Muddin gonar ga tana hannunai, dole shi shigo shi gan ni. Yanzu ya biya ni, ya huta.”

Nasiba ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan bangon kayen. Gwaggo ta ture faifan gefe.

“Tunda kin kai mu ga takarda, yago ɗaya. Ki rubuta mishi.”

Nasiba ta yago takarda, ta ciro bik daga ɗaurin kallabi, ta jira. Matar da ke iya shirya baiti goma kafin ta niƙe tiya guda, yau ta rasa ta inda za ta fara. Can ta ce, “Ki ce: Sanda, ina kwana.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Sanda yana zaure yana gyaran igiyar guga. Shi ma bai iya karatu ba, don haka Nasiba ta tsuguna daga nesa ta karanta masa. Kalma uku ce kacal. Bai ɗago kai ba.

“Baba, mi za ni ce mata?”

“Shekara ashirin ina jin ta, ban taɓa cewa na ji ba, don kar in kunyata ta, kar ta kunyata ni.” Ya ja ƙullin igiyar da haƙori. “Yanzu kowa ya ji. Ba ni da abin cewa.”

“Ko lahiya lau ce, Baba.”

“Tashi ki tahi, Nasiba.”

Tsakanin ƙofar mahaifinta da ta Gwaggo bai kai taki ashirin ba, amma sai da ta tsaya a hanya. Ta juya bayan takardar, ta ɗora bik, ta kasa rubuta komai. Ƙarya a baki ta san ta, amma hannunta ya ƙi sa ta a takarda.

Gwaggo tana nan inda ta bar ta, sai dai ta gyara ɗaurin kallabi, ta shimfiɗa ƙaramar tabarma a gefenta.

“Mi yac ce?”

Nasiba ta ɗaga takardar ta kare fuskarta da ita. “Ya ce: Lahiya lau, Yaya. Ina gwiwa? Ya ce aiki ne ya yi mishi yawa.”

Gwaggo ta miƙo hannu, Nasiba ta ba ta. Tsohuwar ta juya takardar. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san wurin da bik ya taɓa da wurin da bai taɓa ba. Ta dubi farin nan tsawon lokaci, ta shafa shi da babban yatsa. Sannan ta mayar wa Nasiba, ta jingina da rumbu ta lumshe ido.

“Sake karanta mini,” in ji ta. “Sannu sannu.”