Dusar Kwana Uku

Ƙarar juye buhu ce ta sa Mai Ɗinki ta ɗauke ƙafa daga kan kekenta. Ta leƙa ta kan katangar da ta raba gidanta da na Baba Mai Madara, sai ta ga ɗansa Direba ya kife buhun dusa gaba ɗaya a cikin rabin durom ɗin da shanun ke ci, yana kakkaɓe wando.

"Kai, me kake yi haka?"

Ya ce lodi na jiransa, ba zai dawo ba sai gata, gara ya zube musu su yi ta ci. Ta ce ba haka ubansa ke yi ba. Harawa yake fara ba su, sai cikinsu ya ɗauka, sannan kowace ya auna mata kwanon dusa a jiƙe lokacin tatsa, safe da yamma.

"Inna, saniya fa ba jaririya ba ce," in ji shi. Ya ja ƙofar gidan, ya danna kwaɗo ta waje, ya tafi.

Shekaru ta yi tana faɗa da Baba a kan shanun nan uku: wari, da ƙudajen da ke sauka a kan yadin mutane. Amma katangar gajeriya ce, ko ba ta so ta san komai nasa. Mutum ne da zai bar shayinsa ya huce don kada lokacin dusa ya gota. Yakan ce nono ba a hantsa yake ba, a bakin saniya yake, in ka canja mata ci yau, bokiti zai gaya maka gobe. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya kwanta, sai abin ya lalace. Yau a ƙoshe, gobe da yunwa. Masu zuwa da kwalabe da safe suka fara komawa da su wayam.

Ta kira wayar Direba, bai ɗauka ba. Ta kira matarsa, wadda ke kawo wa Baba abinci, ta ce tana asibiti da yaro, sai la'asar. Mai Ɗinki ta koma kan keke tana taka shi kamar shi ya yi mata laifi, har ta karya allura.

Rana ta take sai ta ji kukan jar saniyar da ke cikinsu, wani irin nishi mai fitowa daga ciki. Ta sake leƙawa. Cikin saniyar ya kumbura ta hagu kamar zai fashe, tana ta sauya ƙafa. A gindin durom kuwa ga Baba a ƙasa. Da gwiwar hannu ɗaya ya jawo jikinsa tun daga ɗaki, ga sawunsa nan a cikin kashin shanu. Da hannun da ke motsi yake ɗebo dusa yana watsarwa baya.

Mai walda na bakin titi ne ya yanke kwaɗon. Ta shiga tana huci, ta durƙusa a kansa.

"Baba, kashe kanka za ka yi saboda dabba? Wane irin taurin kai ne wannan?"

Bakinsa a karkace yake, maganar ba ta fita sosai. Ya riƙe bakin durom ya ƙi a ɗaga shi. Da ƙyar ta gane abin da yake cewa: a janye dusar, a ɗura wa jar man girki, a yi ta yawo da ita. Ta ce asibiti tukuna. Ya runtse ido, ya ƙara damƙe durom ɗin.

Haka ta ruga ta ɗauko man girkinta a kwalba. Mai walda ya riƙe ƙaho, ita ta ɗura, tana zagin saniyar, tana zagin Direba, hawaye na zubo mata don takaici. Tana cikin jan igiya tana zagaya turke da ita, saniyar ta saki wata doguwar gyatsa. Baba ya ji. Yatsunsa suka saki durom ɗin.

Kafin mai walda ya samo motar kai Baba asibiti, rai ya yi halinsa.

Direba ya juyo daga hanya, ya iso da yamma idanunsa jawur. Ta tare shi a ƙofa. Duk abin da ta tara a ranta ya taso mata, amma da ta dubi fuskarsa, abu ɗaya kawai ta iya faɗa.

"Minti nawa zai ci maka ka miƙo min makullin nan ta katanga?"

Ya zauna a dandamalin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa.

Washegari, gidan cike da mutane, ba wanda ya tuna da shanun. Ita ce ta ratsa ta bayan masu zaman, ta zuba harawa, ta jawo bokiti ta tsuguna. Ba ta iya tatsa ba, ɗan abin da ya fito ko gindin bokitin bai rufe ba. Jar tana tsaye tana tuƙa a hankali. Kusa da ƙafarta, takalmin robar Baba wari ɗaya ya maƙale a cikin laka, ƙwayoyin dusa sun bushe a kansa.