Yatsun Lauratu

"Da hannunsa ya shafi kuturu, ya warke da izinin Allah!" Malam Aƙilu ya daki buzu. "Linjilarsu ta faɗa, Alƙur'ani ya tabbatar. Kai wane ne?"

Shitu, ƙanin matarsa, ya sunkuyar da kai. Yaron likita ne a Kano, kuma suɓul da baka ya yi ya faɗi cewa Baturensa na ɗaukar mu'ujizar Annabi Isa tatsuniya. Ba gardama ta kawo shi ƙauyen Jajaye ba. Yayarsa Lauratu ya zo ɗauka, tun yatsunta suna nan.

"Allah gafarta Malam, ni ban musa ba. Allura kawai za a yi mata."

"Allurar mai ƙaryata annabawa? Wanda ya ƙagi fata tun babu, gyara ta ne zai gagare shi?"

Zaure ya ɗauki kabbara. Malam fa akwai baki, kuma bai faɗi ƙarya ba.

Lauratu na jin su daga bukkar da aka kafa mata bayan rumbu, tun da tabon kuturta ya fito mata a goshi. Kalma ɗaya ta tsaya mata a rai: shafa. Ta manta rabon da hannun mutum ya taɓa ta. Malam kan yi tofi a ƙoƙon ruwa, ya turo mata da kara, ya juya da sauri. Wannan ya fi ciwon ci mata rai.

* * *

Shitu ya zagayo jikin zana.

"Yaya, taso mu tafi. Na ga waɗanda suka samu sauƙi da idona."

"Ba izinin Malam? Ya ce in na bi ka, gari zai ce addu'arsa ba ta ci ba."

"To yatsun naki fa?"

"Je ka, Shitu, kada rana ta yi maka. Ka gaida gida."

Ya tafi yana share ido da hula.

Da la'asar Malam na zaure, yana maimaita wa baƙi yadda ya kayar da yaron Nasara. Lauratu ta ɗora 'yar tukunyarta, ta zauna tana saurare. Can ta ji ƙaurin nama, har ta yi mamakin wa ke gashi a gidan nan. Da ta duba, hannunta ne a kan dutsen murhu, ko zafi ba ta ji ba.