An Sa wa Matar Tasha Baki

Surukin wani tsoho mai majigi ne ya sa wa wani fim murya.

Shi da abokansa masu son finafinan da ne suka roƙi tsohon ya zaɓa musu ɗaya cikin na zamanin da babu sauti. Ya zaɓi wanda ya fi so. Wata mata ce a tashar jirgin ƙasa ta rako ɗanta. Ba ta cewa uffan, sai dai ta ɓalla masa maɓallin riga, ta ɓalle, ta sake ɓallawa. Shekara da shekaru yana haska fim ɗin, bai taɓa wuce wurin nan da busasshen ido ba.

Ranar kallo, a ɗakin bayan shagon surukin, aka ba shi kujerar gaba. Matar ta kama maɓallin. Sai ga wata siririyar murya daga lasifika: "Wayyo ɗana, kar ka manta da bargo!" Ɗaki ya kwashe da dariya.

Tsohon ya miƙe. "Muryar wa ke nan?"

"Tawa ce, Baba, maƙe ta na yi," in ji surukin yana washe baki. "Fim ɗin bebe ne, muka ɗan taimaka masa."

"Bebe? Da hannu take magana. Kai ne makaho!"

"A yi haƙuri, Baba. Mako mai zuwa wanne za ka zaɓa mana? An ce akwai na wani masunci."

Tsohon ya tuna masuncin zaune shiru a bakin ruwa, ya hango shi da bakin surukinsa. Ya ɗauki sandarsa.

"Akwai," ya ce. "Ba zan faɗa muku sunansa ba."