Ledar da Atika ta Manna a Bango

Kun sha wucewa ta gaban irin wannan sito a Sharada, kun ga sabon fenti yana ƙyalli, ba ku taɓa tambaya ba.

Atika ce ke kula da buhunan garin masara a ciki. Da suka fara fumfuna, manaja, Alhaji Gwadabe, ya ce sakacinta ne, ta gyara cikin mako guda ko ta bar aiki. Ita kuwa ta daɗe tana jin warin laima daga bangon gabas. Sai ta manna farar leda a jikinsa da salatif, ta toshe kowane gefe. Bayan kwana biyu, ruwa ya taru a cikin ledar har yana gangarowa.

Ta kira manajan. "Alhaji, ku duba. Daga cikin bulo yake tsattsafowa."

Ya fizge ledar, fentin ya biyo ta, bangon ya bayyana baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf.

"Sannu injiniya. Wa ya ba ki izinin ɓata mana bango? Jibi muna da baƙi."

Da la'asar mai fenti ya iso. A bakin get aka karɓe makullan sito daga hannun Atika.

In akwai irin wannan bangon a wurin aikinku, ku kai ƙara wajen duba-gari yau.