Jakar Iri a Ƙofar Suruki

…to ai shi ke nan, na iso. Bari in kashe moto, babur ɗin kamfani, nan gindin gawo in sarara tukuna. Ba tsoro ba ne, rana ce. Kai Nafi'u, wa kake yi wa ƙarya? Ranar nan da ita ka taso tun Dogon Dutsi ba ta tsayar da kai ba, sai yanzu da rumfa ta bayyana?

Ga ta can, rumfar kara a ƙofar gida. Dattawa zaune bisa tabarma, shi yana tsakiya da farar hularsa. Baban Fa'iza. Surukina. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar manoman wannan gefe na Ɗan Kassari, wanda in ya ce a shuka sai a shuka, in ya ce a dakata ko ruwa ya sauka sai a jingine sungumi. Ni kuwa ga jaka ɗaure bayan moto, irin gero na kamfaninmu, mai saurin nuna. Wai in tallata masa. Shi fa.

Madam Huguette, da kin ga inda kika aiko ni… Kina can buro, ofishinki na shugaba, fanka na kaɗa miki labule. Shekaranjiya da safe kika kira ni, ba faɗa ba hayaniya, har da murmushinki: "Nafi'u, lokacin gwajinka ya zo ƙarshe. In ƙungiyar Ɗan Kassari ta karɓi iri, ka zama namu. In ba ta karɓa ba, ka aje mini makullin moto." Na ce to. Me zan ce? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ba ke ce kuturun ba, Madam, yi haƙuri, haka maganar ta zo.

Makullin moto… in aje shi in koma ina? Tasha? In koma bin motocin Ƙonni da katin waya a hannu, ina ƙwanƙwasa gilashi ana kau da kai? Na yi shekaru ina yi, na san ɗanɗanonsa. Fa'iza kuma ciki ya fito, ta fara tafiya tana dafe ƙugu. A'a. Ba na so in koma. Wallahi ba na so.

To tashi mana.

Ka dubi mai saye cikin ido — haka kika koya mana ranar formasiyo, horon masu talla, kina tsaye gaban allo kina nuna idonki da yatsu biyu. Cikin ido! Mutumin da tun ranar ɗaurin aure ban ƙara ganin fuskarsa sosai ba. Ƙafarsa na sani. Na san yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har da farcen nan da ya tsage. In na hange shi ran kasuwa sai in ratse ta layin masu tukwane, shi kuma ya tsaya yana taya akuyar da ba saye zai yi ba har in wuce. Haka ake yi a nan, haka na tarar, babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini.

Kika ce kuma a riƙa kiran mutum da sunansa, wai babu abin da ya fi wa kunne daɗi. Sunansa, Madam? Ko yanzu da nake ni kaɗai, babu mai ji na sai gawo, sunan ya ƙi fitowa. Akwai mai gyaran taya a bakin gudro, titin kwalta, da ke da suna irin nasa, shi ma "mai sunan Baba" nake ce masa, har ya saba yana amsawa.

Abin dariyar… ni ne fa a majalisa, bayan la'asar ana zuba shayi, nake ɗaga murya: wannan kunyar al'ada ce kawai, babu ta cikin littafi, suruki uba ne, a gaishe shi a zauna a yi magana kamar mutane. Abokai na cewa sai Nafi'u, ka faɗi gaskiya. Baki ya yi karatu. Ƙafafu ne ba su je makaranta ba — ga su nan sun tuɓe takalmi tun daga nesa ban sa su ba, rairayi kuwa kamar an kwashe shi daga murhu.

Na durƙusa. Nan bakin inuwa, ba ciki ba. Jaka a gefena. Barka da hutawa Baba, ina gajiya, ina gida, ina zafi… Yana amsawa, amma muryarsa wajen turken awaki take tafiya, ba wajena ba. Lafiya lau, lafiya lau, madalla. Bai tambayi Fa'iza ba. Ba zai tambaya ba, ɗiyar fari ce, ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Malam Abdul'aziz ne, amininsa da ke zaune a damansa, ya ce, "Ya mutanen gida?" Na ce suna gaishe ku. To saƙo ya isa inda za shi.

Kaza na tono a gindin darni. Wani amalanken jaki ya wuce da taki, dattawa suka bi shi da ido har ya sha kwana.

Yanzu ne ya kamata in kwance jaka. Da a ƙauyen Kiéché ne, inda na kai talla kwanan baya, ai da tuni na zuba iri a tafin hannu ina zagayawa da shi. Kai, Kiéché! Wancan tsoho mai jan rawani… ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya tofar, ya ce abincin kaji ne ka kawo mana, ɗan birni? Na ce Baba ai kajin da suka ci shi sun riga na maƙwabta yin ƙwai. Aka kwashe da dariya. Ya ce kara fa? An ce gajere ne, da me za mu yi darni, me dabbobi za su ci da rani? Na ce gaskiyarka, gajere ne, amma in ruwa ya ɗauke da wuri kai ka riga ka kai rumbu. Ya ce tsuntsu fa? In naka ya riga na kowa nuna ai a gonarka kaɗai za su yi taro. Na laluba cikin duk abin da kika koya mana, babu tsuntsu. Na ce ban sani ba, zan tambayo. Sai ya dube ni ya ce yanzu ka yi magana. Ya karɓi ɗan kaɗan, na gefen gona, wai shi sai ya gani da idonsa. Ran nan da waƙa na koma gida bisa moto, ni da ba na waƙa.

Ni dai na yarda da irin nan, ban da yarda ba zan ɗauko shi ba. Na gan shi a gonar gwajin kamfani, zangarniya kamar damtse. Amma can an ba shi taki ya ƙoshi, akwai mai tsaro, ƙasar ma ja ce mai riƙe ruwa. Gonar Baba tudu ce, jigawa zalla. Ban taɓa ganinsa a irin wannan ƙasa ba. Kila ya yi. Kila ma ya fi yi… ban sani ba.

A rashin tayi akan bar arha, Nafi'u. Yi magana. Ta ina? In ce Baba na zo da— a'a. In ce wa Malam Abdul'aziz ya gaya masa— shi ma a'a, sai ka ce biko na zo. Duk kalmomin da na jera a hanya sun zube wani wuri tsakanin gudro da nan. Ni da ake ce wa rediyo a tasha. Gumi na bin bayana, ina kallon tururuwa na jan ɓawon gyaɗa.

Baba ya yi gyaran murya. Ba da ni yake ba, da amininsa yake.

"Malam, wagga jikka da baƙo ya zaka da ita, ita ta ta irin da anka faɗi?"

"Ita ta."

Wa ya faɗa? Wa ya… Fa'iza. Jiya da hantsi na ji ta bayan ɗaki tana waya da innarta ƙasa-ƙasa, da na leƙo sai ta koma zancen kuka da daddawa. Ta san gwajina ya kusa ƙarewa, ta san inda za a aiko ni. Ke Fa'iza! Ta gaya wa inna, inna ta gaya masa, kila tana miƙa masa fura tana kallon bango.

"To ka ce mishi shi kawo. Gonata ta tudu duk da shi za a shuka bana. Mutane kau in munka taru bayan Juma'a in gaya musu."

Shi ke nan?

Jaka na nan ɗaure. Ko igiyar ban taɓa ba. Bai ga ƙwayar ba, bai ciza ba, bai tambayi kara ba, bai tambayi tsuntsu ba… Wannan mutum fa, an ce in zai sayi hauya sai ya wuni a rumfar maƙera yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Mutumin da duk kaka da hannunsa yake zaɓen zangarniyar iri, ya ɗaure daban ya rataye a ƙuryar rumbu, irin da ya gada wajen mahaifinsa, ko ɗa bai yarda ya taɓa ba. Da numfashi ɗaya ya aje shi gefe.

Ashe… tun daga Dogon Dutsi kunyata kaɗai nake lissafi. Yadda ba zan iya duban idonsa ba, yadda harshena zai ɗaure. Ban tuna shi ma yana da tasa ba. Ta yaya zai ce a'a? Ga mijin ɗiyarsa durƙushe cikin rana, gaban abokansa, ɗiyar kuma da ciki, abincinta na cikin jakar nan. Ko tsakuwa na cika ta da ita cewa zai yi a kawo.

Madam… kin zo bikinmu. Na tuna. Kin zo da kwanon samira naɗe cikin takarda mai ƙyalli, kika zauna cikin mata har aka watse. Kin san ɗiyar wa na aura. Ke ma ɗiyar Arewa ce, zuwa coci bai hana ki durƙusa wa uwar mijinki ba, na gani da idona a ƙofar buro. Kin san ba zan iya magana ba. Kin kuma san ba sai na yi ba. Duk cikinmu masu yawon talla, ni kika zaɓa wa Ɗan Kassari… ni ina cewa jarabawa ce mai wuya kika ba ni, ashe wadda ba a faɗuwa ce. Ban ce ke muguwa ce ba. Ina jin yadda patron, babban maigidanku na Yamai, ke yi miki a waya, har ki cire tabarau ki dafe goshi. Kowa da mai tura shi. Amma abin ya yi mini zafi, Madam, gara in faɗa. Na ɗauka bakina kika gani kika ɗauke ni.

Ciniki kuwa ai sai da wanda zai iya kakkaɓe rigarsa ya tafi ya bar ka da kayanka. Wannan ba ciniki ba ne. Ban san sunansa ba, amma ba ciniki ba ne.

To yi murna mana. Aiki ya samu. Makulli ya zauna a aljihu, tasha ta yi nisa, Fa'iza za ta haihu mijinta na da wurin zuwa da safe. Abin da ka roƙa ke nan a sujada, ko ba shi ba?

In iri ya yi, alhamdu lillahi, kowa ya huta. In bai yi ba fa? In jigawa ta ƙi shi, ko tsuntsu ya yi masa taro… rumbunsa wayam, mutanen da suka bi maganarsa suna wucewa ta gaban rumfar nan suna gaisuwa a taƙaice. Ni kuma ba zai ce mini komai ba. Har abada. Zan zo in durƙusa nan, ya ce lafiya lau, lafiya lau, madalla. Da zai zage ni ma da sauƙi.

Abin da ya kamata in ce na san shi, gajere ne: Baba, gefen gona kawai, a gwada bana a gani. Amma gefen gona ɗaya ba ƙungiya ba ce, ba shi Madam ta ce ba. Kuma in mayar masa da kyautarsa gaban mutane? In gyara wa suruki magana, ni?

"Ka ji abin da ya ce," in ji Malam Abdul'aziz. Yana kallona, yana jiran godiya.

An turo kwanon ruwa daga zaure, hannun mace kawai na gani. Baba ya dafa ƙasa yana miƙewa. Na san dalili — shiga gida zai yi don in samu in sha, ya san ba zan sha a gabansa ba. In ya shige kuwa magana ta ƙare, ba a kiran suruki daga cikin gidansa. Yana tafiya a hankali, bayansa ya ɗan duƙa, ban san ya tsufa haka ba…

"Baba—"

Ni na ce? Ni ne. Ya tsaya, hannu ɗaya bisa ƙyauren zaure, bai juyo ba. Na gode zan ce, ko dakata? Na gaji, ya Allah, na gaji… yana jira.