Hutun da Halliru Bai Yi Ba

A rubuce dokar take a bangon garejin kamfanin da ke Wudil, dab da gada: duk direban da ya ɗauko kaya daga kudu sai ya tsaya ya huta awa biyu kafin ya wuce. Shekara tara Halliru yana jan tirela a kamfanin, amma bai tuna ranar da ya cika awa biyun nan ba.

Kowa ya san yadda ake yi. In kayan na sauri ne, manaja Jamil zai bugo waya ya ce kada a zauna. Sai direba ya rage gudu a bakin gareji, ya danna hon sau biyu. Ɗantani, mai riƙe da littafin hutu, zai ɗago hannu daga kan bencinsa, ya rubuta cewa mota ta tsaya, direba ya huta. Ɗantanin nan tare suka taso da Halliru a Utai, tare suka yi kiwon awaki. Halliru ne ma ya samo masa aikin.

Wata Laraba cikin damina ya iso Wudil bayan azahar da takin zamani, tun daga Legas. Idanunsa kamar an zuba yashi. Ya ƙudura yau kam zai ci soyayyen kifi ya miƙe a ƙarƙashin darbejiya. Sai waya ta yi ƙara.

"Malam Halliru, manoma na jira a Azare," in ji Jamil. "Ka daure, ka huta a can."

Ya danna hon sau biyu, Ɗantani ya ɗago hannu.

Bai yi nisa ba barci ya sace shi. Ya farka a cikin gonar gero, mota a kwance, buhuna a warwatse, hannunsa na hagu a karye. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Ɗantani ya zo duba shi a asibiti da lemo da ayaba. "Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa," ya ce. "Ai littafi a hannuna yake."

Halliru ya gane. In littafi ya nuna ya huta, tsautsayi ne, zai koma kan motarsa. In bai nuna ba, korarsa za a yi.

Bayan sati biyu wani jami'i ya zo daga babban ofis, aka zauna a garejin. Jamil na gefensa yana latsa waya. Jami'in ya buɗe littafi, ya juyo da shi. Layin ranar Laraba fari fat, shafin ma sabo ne.

"Malam Ɗantani, direban nan ya tsaya?"

"Bai tsaya ba, ranka ya daɗe."

"Ya saba wucewa haka?"

Ɗantani ya kalli ƙasa. "Nakan yi masa magana."

Halliru ya dubi jami'in. "Manaja ne ya ce in wuce," ya ce.

Jamil ya ajiye waya a hankali. "Na kira ka in ji inda kake. Ni zan ce ka taka doka, ga ta a bango?"

Kafin la'asar an karɓi katinsa na aiki.

Yana fitowa Ɗantani ya biyo shi har bakin titi. "Ka saurare ni, Halliru. Ashe akwai na'ura a motar, tana nuna ko ta tsaya. Manaja ya ce in na bar abin da na rubuta, da ni za a kora. 'Ya'yana biyar."

"Ni fa, 'ya'yana nawa ne?"

Halliru ya matso kusa da shi.

"Ban ce ka yi mini ƙarya ba. Tunda gaskiya ka zaɓa, me ya hana ka faɗe ta duka? Kullum a gabanka yake ba da umarnin."

"Ba a tambaye ni ba."

"An tambaye ka ko na saba. Ka ce kakan yi mini magana. Yaushe, Ɗantani?"

Aka ƙwala wa Ɗantani kira daga ofis, muryar Jamil ce. Ya waiga, ya ce yana zuwa, ya koma ciki da sauri.

Halliru ya gyara majanyin da ke rataye da hannunsa, ya tsai da adaidaita zuwa Sabon Gari. Har suka isa ƙofar gida bai samo abin da zai faɗa wa matarsa Suwaiba ba, wadda tun safe ta goge masa kayan aiki.